Ƙafa Uku a Tungar Faru

Tungar Faru, ta Warra,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ɗan baƙonmu Jibrin. Yaya ruwan zafi? Yaya Inna da ɗawainiyarku? Ki gaishe min da ita ƙwarai, ki ce surukinta yana godiya, ko da yake labari ya iso ni cewa kunun kanwar da take dama miki ya sa rigunanki sun fara kuka. Mu nan lafiya lau, ni da 'yar da kunya ba ta barin ki kira sunanta. Ni dai zan kira. Khaulat tana gaishe ki, ta ce tuwona ya fi na jiya amma bai kai na maƙwabta ba.

Tunda wayarki ta ga dama ta bi ki cikin tukunyar wanka, dole na koma wa biro da takarda kamar zamanin da nake zarya a ƙofar gidanku. Direban motar kifi ya yarda zai riƙa miƙa miki idan ya bi ta Shanga. Ki daure ki ba shi amsa ko layi biyu ne, kada ki ce min hannu na ciwo.

Abin da ke gabana shi ne makon wasanni da za mu fara jibi. Hedimasta ya ɗora min shi gaba ɗaya, ya ce shi nasa jawabi ne. Kin san halin da makarantar nan take ciki. Tun da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri mutanen tudu suka janye 'ya'yansu, shekaru sun shuɗe ba su maido su ba. Mu na bakin ruwa kaɗai muka rage, rabin bencina ba kowa sai ƙadangaru. Akwai yara a kan tudun nan da suka isa aji huɗu ba su taɓa riƙe alli ba, kuma abin yana ci min rai duk lokacin da na ɗaga kai na hango rufin gidajensu. Shi ya sa na ce a gayyato su wasannin. Yaron da ya ɗanɗana tsere da ƙwallo cikin abokai, shi da kansa zai dami ubansa a kan makaranta.

Jiya bayan an sauko Juma'a na hau wurin Andarawus. Dattijon majami'arsu ne, wanda kike sayen dawa a hannun matarsa, kuma abin da ya ce a tudu shi ake yi. Na same shi yana gyaran jinkar rumbu. Ya sa aka kawo min ruwa, ya bar ni na yi ta zuba kamar mai tallan magani. Da na gaji na yi shiru, sai ya ce shi ba ya ba makaranta ɗa, ba ya ba gwamnati, domin ranar da abu ya faru ba a samun wanda za a tambaya. Mutum yake ba wa. Ya kira autarsa Lydia, sa'ar Khaulat ce, 'yar siririya mai manyan idanu, ya kama hannunta ya sa a nawa, ya ce amana ce. Sauran iyaye za su sako nasu a bayanta. In mako ya ƙare ta koma masa ba rauni ba firgita, yaran tudu za su shiga aji su zauna. In kuwa aka sami akasi, kada in ƙara wahalar da ƙafata da hawan dutsen nan.

Na ce na karɓa, da ƙarfi ma na faɗa. Sai da na kama hanyar gangarowa na gane nauyin abin da na ɗauka. Shamsiyya, tsoro nake ji, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa.

Doka ɗaya na kafa: babu usur a filin nan. Ke kin san dalili, amma Malam Zulkiflu, sabon malamin da aka turo mana daga Yelwa, bai sani ba. Matashi ne mai zafin nama, yara har sun fara bin sa kamar 'yan tsaki. Ya tambaye ni ina usur ɗin makaranta, wai ina aka taɓa yin wasanni babu usur. Yara na kewaye da mu, ni kuwa ba zan tsaya a gabansu in ce a garin nan usur na 'yan banga ne, kuma ranar da aka busa shi ma'anarsa waɗancan mutanen sun shigo, kowa ya nufi maɓoyarsa. Sai na ce masa kawai mu nan jarka muke bugawa. Ya yi dariya ya ce ƙauye dai ƙauye ne. Na ƙyale shi, zan yi masa bayani in mun keɓe.

Ki sa mu a addu'a. Ki shafa min kan Jibrin, ki gaya masa ubansa na nan na zuwa da zarar an tashi wasannin nan.

Naki har kullum,
Habibu.


Tungar Faru,
Ranar Laraba.

Shamsiyyata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kun wuni lafiya, ke da Jibrin da Inna da dukan mutanen gida. Amsarki ta iso ni jiya, na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yi murna da cibiyar yaron ta warke sarai. Allah ya raya mana shi.

Kin ce in sako miki Khaulat a motar kifi ta zauna a Shanga har a gama, saboda raɗe-raɗin da kuke ji cewa an ga babura a dajin gabas. Mu ma mun ji, kuma 'yan banga sun zaga sun ce ba su ga komai ba. Ki yi haƙuri, ba zan sako ta ba. Da wane ido zan dubi Andarawus in ya ji na fitar da tawa na riƙe tasa? Na san za ki yi fushi. Ki yi, in na zo ki sauke min shi gaba ɗaya.

Tambayarki ta biyu ce ta tsaya min a wuya, da kika ce in wani abu ya faru ina zan kai yaran tudu. Gaskiya ba ni zan kai su ba, ƙafafunsu za su kai su. Kamar yadda muka koya wa namu su yi bakin ruwa su shige mashigar nan ta cikin ciyawar burgu, haka su ma aka koya musu su yi sama, suna da wani wuri a dutse. Ban san inda yake ba, su ma ba su san namu ba. Sarkin Ruwa ya rantsar da mu, dattawansu sun rantsar da su, kowane ɓangare yana tsoron akwai mai kai rahoto a cikin ɗayan. Muna cin kasuwa ɗaya, muna gaisawa da fara'a, amma wurin ɓuya kowa da nasa. Abin yana ba ni haushi, sai dai ba ni na tsara ba.

Yaran sun sauko ranar Litinin, Lydia a gaba, a layi kamar masu zuwa allura. Na raba makarantar gida huɗu, Ja da Kore da Shuɗi da Rawaya, na cakuɗa su da gangan, kowane gida da na ruwa da na tudu. Kafin azahar na raba faɗa ya fi a ƙirga. Namu suna kwaikwayon Hausarsu, su kuma suna toshe hanci wai ƙarnin kifi. Jan igiya ne ya fara gyara su. Gidan Kore suka gane cewa 'ya'yan masunta sun iya ja tare da murya ɗaya kamar ana jan taru, 'ya'yan manoma kuma in suka kafa dunduniya ko bijimin sa ba ya motsa su, sai suka jera na tudu a baya na ruwa a gaba. Suka kwashe Gidan Shuɗi kamar kayan shanya. Tun daga nan ba wanda ya ƙara toshe hanci a Gidan Kore.

'Yarki kuwa tana Gidan Ja, kuma na haɗa ta da Lydia a tseren ƙafa uku, wanda ake ɗaure ƙafar wannan da ta wannan su yi gudu tare. Na yi haka ne don idona ya riƙa ganin su biyun a wuri ɗaya. Halinki ta ɗauko, ita ce mai ba da umarni, Lydia kuma ba ta musu, sai dai ta yi abin da ta ga dama. Ranar farko sun fi zama a ƙasa. Jiya na ji su a bayan aji suna ƙirga ɗaya-biyu, yau kuwa sun kai ƙarshen fili ba su faɗi ba, suka zauna suna cin gyaɗa a ƙulli ɗaya. Matsalar dai tsumman da muke ɗaure su da shi, kullum sai ya kwance a tsakiyar gudu, Khaulat ta zo min da hawaye wai na ƙi in ɗaure da kyau.

Gobe ake rufewa. Baƙi za su zo daga Warra, iyaye ma za su zo, har Andarawus ya aiko ya ce zai sauko. Kullum da la'asar ni da kaina nake raka Lydia da sauran har gindin dutse, in tsaya sai sun ɓace min. Gobe kaɗai ta rage, in na miƙa ta ga ubanta zan yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Gaisuwa ga Inna. Ki ci abinci, ki rage tunani.

Mijinki,
Habibu.


Tungar Faru,
Ranar Juma'a.

Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kafin komai, Khaulat tana nan gabana, tana shan fura. Na san labari zai riga takardar nan isowa Shanga, kuma na san yadda zai iso, za a ce an shigo Tungar Faru an kwashi yara. Ba a shigo ba, ba a ɗauki kowa ba. Ki zauna, ki ba Inna yaron, ki karanta a hankali.

Jiya fili ya cika tun da hantsi. Masunta sun bar jirage, mata sun bar bandar kifi, mutanen tudu suka tsaya can gefen gonar dawa, Andarawus a tsakiyarsu da sandarsa. Baƙin Warra suka makara, hedimasta ya ce a fara. Aka yi tseren buhu, aka yi na cokali da lemun tsami, mutane na dariya har da riƙe ciki. Sai aka zo ƙafa uku. Don kada tsumma ya sake kunyata Gidan Ja, na yanko igiyar tsohon taru, na durƙusa na yi wa Khaulat da Lydia ɗaurin jirgi, irin wanda Baba ya koya min, wanda in an ja shi ƙara kamawa yake yi. Hannuna ne ya yi shi da kansa, ban ma yi tunani ba.

Na ɗaga sanda zan bugi jarka ke nan, sai ga ƙarar babura daga hanyar Warra, da yawa, a jere. Baƙinmu ne, amma dawa ta yi tsawo, ba a ganin kowa sai ƙara. Fili ya yi tsit. A daidai nan Malam Zulkiflu ya zaro sabon usur daga aljihu, wanda ya saya da kansa don ya ba mu mamaki, ya busa da dukan ƙarfinsa domin yara su yi layi su tari baƙi. Har ranar ban keɓe da shi na yi masa bayanin ba.

Shamsiyya, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ba wanda ya yi ihu, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Fili ya tsage biyu, rabi ya yi ruwa, rabi ya yi dutse, yara ƙanana suna gudu bakinsu a rufe kamar yadda aka koya musu. Ina ta ɗaga murya ina cewa baƙi ne, baƙi ne, ban san ƙara rura abin nake yi ba. Wata mata ta bangaje ni na faɗi kan tebur. Da na miƙe, baƙin Warra suna tsaye da manyan riguna a kan babura, suna kallon fili ba kowa sai takalma da buhuna.

Aka bi mutane ana lallashi, aka fara fitowa, kowa yana laluben nasa. Kafin azahar duk uwa ta ga ɗanta, ban da biyu. Andarawus ya zo ya tsaya a gabana. Bai zage ni ba, ai da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ce ya hau wurinsu, Lydia ba ta can. Na ce na aika wurinmu, an ce Khaulat ba ta can. Ya dube ni, na gane bai yarda da aike ba, kuma da ni ne ma ba zan yarda ba. Yarinyarsa tana ɗaure da 'yar masunta, ruwa ya cika ya kawo har gindin bishiyar faru, ita kuwa ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba.

Na san rantsuwar da muka yi wa Sarkin Ruwa. Na kama hannun Andarawus na sa shi a jirginmu, na ɗauki filafilin tuƙi. Mutanenmu suna kallo daga gaɓa, wani ya kira sunana da muryar gargaɗi, ban waiwaya ba. Na tura cikin burgu har mashigar. Akwai sauran mata da ba su fito ba, suna ganin wanda na ɗauko suka ja mayafi suka juya baya. Muka duba kowane jirgi, muka buɗa ciyawa, ina tura filafili ƙasa ina addu'a kada ya taɓa komai. Shi yana riƙe da gefen jirgi da hannu biyu, yana kiran sunanta a hankali. Babu su.

Da muka fito ya kama hanyar dutse, ya waiwayo ya yi min alama in biyo shi. Wani ɗan'uwansa ya tare mu, suka yi magana mai zafi da yarensu, Andarawus ya ture shi gefe. Ba zan rubuta miki inda ya kai ni ba, ko ke ba zan gaya wa ba. Kogo ne dai, mai sanyi, da tulunan ruwa a jere. Na shiga har ƙurya da rarrafe ina shafa ƙasa. Babu su.

Muka gangaro rana ta karkata. A hanyar nan ne na fara tunanin yadda zan zo Shanga in tsaya a gabanki, ke da kika ce in sako miki ita. Ƙafafuna suna tafiya, amma ni ban san inda nake ba.

Kusa da makaranta muka hango Malam Zulkiflu durƙushe a bakin kwalbatin nan na bayan aji, wanda ruwan tudu ke bi ya gangara tafki. Idanunsa sun kumbura. Ya nuna mana ramin da hannu. Ya ga jan ƙyallen Gidan Ja a bakin ramin, ya leƙa ya ga idanu huɗu, ya yi ta roƙo sun ƙi motsi. An koya wa tawa, an koya wa ta Andarawus, ko da sunanki aka kira kada ki amsa sai kin ga naki da ido. Ashe sun ji mu muna wucewa ta kansu muna kira tun da rana.

Daga baya Khaulat ta gaya min yadda aka yi. Da aka busa, ita ta ja ruwa, Lydia ta ja dutse, suka kife. Suka tashi suka sake, suka sake kifewa, igiyar tana ƙara cin ƙafa. Suka gwada kwancewa ta ƙi. Lydia ce ta fara ƙirga ɗaya-biyu, suka nufi ramin da ya fi kusa.

Ni na diro ta bakin da ke kallon ruwa, Andarawus ya diro ta wanda ke kallon dutse, kowa ya zura kai ya kira tasa. Suna ganinmu suka fashe da kukan da suka riƙe tun hantsi, kowace ta rarrafo wajen ubanta. Ramin yana da ƙunci, igiyar ta miƙe, suka ƙwalla ƙara tare. Hannuna ya kusa taɓa yatsun Khaulat. Wallahi Shamsiyya, ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so in fizgo ta ba. Na janye hannuna, na ce mata ta juya ta bi Lydia wurin babanta. Ta dube ni kamar na mare ta. Na sake faɗa da tsawa, ta juya.

Kafin in zagayo ya fito da su, yana zaune cikin laka, ɗaya a kowace cinya. Ya gwada ƙullin da yatsa, ya ɗago ya dube ni, ya zaro wuƙa ya yanke. Ƙafar Khaulat ta ɗan kuje. Ta Lydia ce igiyar ta shiga nama, idon sawun ya kumbura, ba ta iya takawa. Na ce a kai ta Warra a babur ɗin baƙi, ya girgiza kai. Ya miƙo min 'yata, ya goya tasa, ya kama hanya. Na bi shi ina ba da haƙuri har gindin dutse, bai juyo ba.

Ba rauni ba firgita ya ce, ni kuwa na mayar masa da ita da duka biyun. Yau ko yaro ɗaya bai sauko ba.

Kada ki taso, jikinki bai yi ƙwari ba. Ki gaishe da Inna, ki ce ta yafe min tashin hankalin da na jawo muku.

Naki,
Habibu.


Tungar Faru,
Ranar Talata.

Zuwa ga Shamsiyya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Jibrin da Inna kuna cikin alheri. Takardarki ta zo. Na zaci faɗa zan sha shafi biyu, sai na ga layi uku, kina tambayar ƙafar 'yar mutane kafin ta taki. Na gode. Man da Inna ta aiko na shafa wa Khaulat, kujewar ta bushe.

Jikinta lafiya, amma ta rage surutu, kuma ba ta yarda in fita ba tare da ita ba. Shekaranjiya tana wanke kwano ta tambaye ni ko sun iya ɓuya, ko akwai wanda ya fi su daɗewa bai amsa ba. Na ce babu. Ta ce to Gidan Ja ne suka ci ke nan. Na shiga ɗaki don kada ta ga fuskata. Mako guda ina koya musu tsere da jan igiya, ashe wasan da muka fi ƙware wajen koya wa 'ya'yanmu daban ne.

Sarkin Ruwa ya kira ni gaban dattawa. Ya ce na karya rantsuwa, na nuna wa bare mashiga, yanzu sai an nemi wani wurin. Na ce ban musa ba, kuma in jiya ta dawo haka zan sake yi. Baki ya ɗan yi min tsawo, na sani. Wasu ba sa amsa gaisuwata a masallaci. Malam Zulkiflu kuwa ya haɗa jakarsa zai koma Yelwa, na je na zauna a kanta. Na ce masa shi ya busa abin da bai sani ba, mu da muka sani muka yi shiru, in tafiya ce sai dai mu tafi tare. Ya zauna, amma har yanzu ba ya iya haɗa ido da iyaye.

Na so in hau tudu in duba Lydia, na tuna abin da ubanta ya ce, na tsaya a gindin dutse na aika da kifi busasshe. Ba a dawo min da shi ba, ba a kuma aiko da ko kalma ba. Jiya Litinin na shiga aji na ga bencinan nan wayam kamar da, na ce a raina shi ke nan, na kashe abin da hannuna.

Yau da safe muna cikin karatu Khaulat ta miƙe tsaye ba izini tana kallon taga. Andarawus ne, shi kaɗai, da Lydia a kafaɗarsa, ƙafarta naɗe da tsumma, tana rungume da jakar leda da littafi ɗaya a ciki. Na fita da alli a hannu. Muka gaisa. Ya ce dattawan tudu sun zauna, sun yanke cewa ba yaron da zai sauko, bana dai kam, kuma shi ma sun yi masa nasa zaman a kan kogon da ya nuna min. Bai yi musu da su ba, domin 'ya'yansu ne. Wannan kuwa tasa ce.

Na fara ba shi haƙuri a kan igiyar, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce igiya ya gani, ya kuma ga wanda ya janye hannunsa a bakin rami. Ya sauke ta a kan benci kusa da Khaulat. Sannan ya ja ni gefe ya ce abu ɗaya yake roƙo. In Allah ya kawo ranar da aka busa na gaske, dutse ya yi wa yarinyar nisa daga aji. Kada in ɓata lokaci in ce zan hau da ita. In sa ta a jirgina, in kai ta inda zan kai tawa.

Shamsiyya, ban nemi izinin Sarkin Ruwa ba, ban nemi na hedimasta ba, ke ma ban nemi naki ba. Na ce masa to. Na so in cika bencina, ga shi yarinya ɗaya na samu, kuma nauyinta ya fi min na ajin gaba ɗaya. In kin dawo da Jibrin, ki sani wurin zama a jirginmu ya ragu, sai kin ɗan matsa.

Ki gaishe min da Inna da dukan mutanen Shanga. Allah ya sa kada mu taɓa jin ƙarar nan, ya dawo min da ku lafiya.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Habibu.